Yara Goma Sha Bakwai da Suka Ɓace a Takarda

Ban taɓa mantawa, kuma ba na jin za ni manta, da wata Litinin da na tsaya gaban teburin malamin da ke duba bincikena, shi kuwa yana ƙwanƙwasa gindin bironsa a kan takarduna. Tunda ku uku kun samu gurbin digiri na biyu bana, kuma na ji Malam Nasiru yana cewa karatun aji ne mai wuya, bincike kuwa cike-ciken takarda ne, to ku gyara zama. Nasiru, kai musamman, ajiye wayar nan.

Lokacin ina wannan aikin namu na duba makarantun firamare a nan Isa, sai dai ban kai matakin da nake yanzu ba. Aka ba ni hutun karatu na shekara biyu, na tafi jami'a a Sakkwato. Ga wanda bai san tsarin ba, shekarar farko ta aji ce da jarrabawa, ta biyu ta bincike. Amma ba a sakin mutum ya fita bincike kai tsaye. Sai ka zaɓi batu, ka rubuta babi uku na farko, ka tsara takardar tambayoyin da za ka yi aiki da ita, sannan ka gwada ta a kan mutane kaɗan don a ga ko tana kamo abin da ake nema, kamar yadda ake ɗanɗana miya kafin a zuba wa baƙi. Bayan gwajin za ka tsaya gaban kwamitin malamai ka kare tsarinka. Su amince, ka fita fili. Su ƙi, ka jira wani zaman. A sashenmu zama ɗaya ake yi a zango, wanda ya kuskure masa ya yi asarar wata shida. Ni kuwa hutuna saura wata takwas.

Malamin da aka haɗa ni da shi farfesa ne, dattijo, siriri, ba ya ɗaga murya. Ɗalibai Jan Biro suke ce masa a bayan idonsa, don in ka kai masa shafi goma za su dawo maka jajur. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne abin da yake kira bincike na gindin mangwaro, wato ɗalibi ya zauna a inuwa ya cike takardun tambayoyi da hannunsa, ya ce mutane ne suka amsa. An ce ya taɓa sa an sallami ɗalibai biyu a kan haka, kuma ko a jikinsa.

Batuna mai sauƙin faɗi ne. A gidan manomi ko makiyayi, wane ɗa ake kai wa makaranta, wane ake riƙewa gona ko kiwo? Babba ne, ko na tsakiya, ko auta? Shekarun da na yi ina zaga makarantu sun sa ina zargin babba ne ke shan kashi. Don haka tambayar farko a takardata ita ce uwa ta lissafa mini 'ya'yanta daga babba zuwa ƙarami, in rubuta suna, in rubuta shekaru, in sa alama ko yana makaranta. Duk sauran tambayoyin a kan wannan jerin suka dogara.

Iyaye mata na zaɓa, kuma da taƙama na zaɓe su. Na ce wa Farfesa maza masu bincike a ƙofar gida suke tsayawa, maigida ya gaya musu abin da ya ga dama, ni kuwa har ƙuryar ɗaki za ni shiga. Na ce masa an haife ni a Isa, na tashi hannun Gwaggo a Sabon Birni, babu abin da za a gaya mini a kan mutanenmu. Har na nuna masa ban sa tambayar dabbobi ba, don na san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, madalla da masaniya." Sharaɗi ɗaya ya ƙara. Ya ce duk matar da na yi wa tambayoyi, in sa hedimastan garin ya rubuto mini 'ya'yanta da ke makarantarsa, a takarda daban, don a gwama.

Mata arba'in na yi wa gwajin, masu ƙananan shekaru da ke da yara 'yan firamare, a ƙauyuka biyu na wajen Bafarawa da ruga ɗaya ta wajen Tsamaye. Kun san yadda hanyoyin nan suke a zamanin nan. Baƙo da takarda yana tambayar yawan yaran gida, ai ba abin wasa ba ne. Sai da na karɓi wasiƙar jami'a da ta ofis, na gai da masu gari, na gai da Arɗo, aka haɗa ni da matan da za su shiga da ni. Ranar kasuwa nake bin 'yan babur, in dawo kafin la'asar. Sati uku na yi ina wannan zirga-zirga, cikin zafin bazara. Matan sun karɓe ni hannu biyu, na sha fura har na gaji. Hedimastoci suka ba ni nasu jerin, na naɗe na jefa a ambulan. Ban buɗe ba, ban gwama ba. Sauri nake, kwamiti saura kwana goma sha shida. Wannan shi ne kuskurena na farko, ku rubuta shi.

Ranar Litinin ɗin da na ce muku, na shiga ofishinsa da fara'ata. Bai ce in zauna ba. Ya jera takarduna gefe guda, na hedimastoci gefe guda.

Ya ce, "Malama Saratu, wannan matar, Hajo, 'ya'ya nawa ta ba ki?"

Na leƙa na ce, "Uku, ranka ya daɗe. Babu mai zuwa makaranta, duk ƙanana ne."

"Hedimasta ya ce tana da 'ya a aji huɗu. Ina take a takardarki?"

Ya ɗauko wata, ya sake ɗauko wata. Duk inda ya sami yaro a jerin hedimasta babu shi a nawa, ya zagaye shi da ja. Na tsaya ina kallon jan yana yawa. Da ya gama ya ƙirga a gabana, goma sha bakwai.

Ya ce, "Uwa ba ta manta ɗanta. Ɗaya ta manta, mu ce ɗimuwa ce. Goma sha bakwai? Cikin biyu akwai ɗaya. Ko hedimastocinku ɗaliban bogi suke rubutawa, ko ke ba ki ga matan nan ba, a gindin mangwaro kika haife musu 'ya'ya."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Ni da ƙafata ta kumbura kan babur! Na fara rantsuwa, ya ɗaga hannu ya ce ba rantsuwa yake nema ba, hujja yake nema. Ya ba ni kwana goma sha huɗu. In na kawo bayanin inda yaran suka shiga, zai sa hannu in shiga kwamiti. In ban kawo ba, ba zai tsaya ga hana ni zaman ba, zai rubuta wa shugaban sashe cewa yana zargin ƙirƙira. Kun san abin da ke bin wannan. Kora daga jami'a, sannan wasiƙa ta biyo ni ofishin nan, a ce mai duba gaskiyar rajistar wasu an kama ta da ƙarya. Da wane ido za ni sake shiga wata makaranta?

A motar dawowa na gama yanke hukunci. Tunda na san ban yi ƙarya ba, to hedimastoci ne. Kun san halina, ba sai an gaya muku ba, in na hau ba na jin kira. Goma sha ɗaya daga cikin yaran a makarantar Malam Bawa suke, wani dattijon hedimasta na wajen Bafarawa, saura masa shekara guda ya ajiye aiki. Laraba da safe na dira makarantarsa. Ko gaisuwar kirki ban tsaya mun yi ba. Na ajiye masa sunayen na ce, a gaban mataimakinsa, ina so in san dalilin da yake cika rajista da yaran da iyayensu ba su san da su ba.

Dattijon nan ya dube ni ya daɗe. Ya ɗauki takardar ya fita, ya bi aji aji yana kiran suna. Kafin minti goma ga yara goma sha ɗaya a jere gaban ofis, da ƙafafunsu da kunnuwansu. Ya ce da wata 'yar doguwa mai kitso biyu, "Ke, ɗiyar wa ta ke?" Ta ce, "Ɗiyar Hajo." Ya juyo gare ni ya ce, "To Malama, ga bogin nan. Taɓa su ki ji ko iska na."

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na so in shiga gari in sami matan, amma an yi ruwan shuka, gari duk ya watse gona, ɗan babur kuma yana ta matsa mini mu tafi, wai ya ji ƙishin-ƙishin hanya ba lafiya. Na ce wa Malam Bawa sai an jima. Ya ce, "Ki gai da gida. Ki binciki takardunki." Ban nuna masa takardun ba, don girman kai. Kuskure na biyu ke nan.

Yanzu abin ya fi da muni. Yara na nan da ransu, ni kuma na san da kunnena na ji iyayen sun lissafa babu su. Wa zai yarda da ni? Kwana shida na yi ina juya takardun nan. Na ce ko matan tsorona suka ji, suka ɓoye. To me ya sa za su ɓoye ɗaya su faɗi saura? Na ce ko Hausar tambayar ce ba ta fita. Abinci ya daina shiga. Maigidana ya ce in haƙura da digirin mana, ai ba da shi aka haife ni ba. Na ce masa ba digirin ne ke ci mini rai ba, sunan maƙaryaciya ne.

Ranar Talata da hantsi na tafi gidanmu gai da Inna, mahaifiyata. Na same ta a inuwar rumfa tana ɓarar gyaɗar iri, ƙanwata Lami na taya ta. Akwai ragowar takarda ɗaya a jakata da ba a cike ba. Na ce bari in gwada ta a kan tsohuwa, ko na ji inda tambayar ke karkacewa.

Na ce, "Inna, ina son in gwada takardar ga gare ki."

Ta ce, "Ni mi na sani ga boko?"

"Ba boko ba ne. Ɗiyanki za ki lissafa min, daga babba har ƙarami."

Ba ta ɗago ba. Tana ɓara tana faɗi. "Garba. Hassi. Mamman. Ga Lami nan. Sai auta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ku saurara da kyau, don nan ne abin kunyar. Na rubuta sunaye biyar. Na sa Garba a layin babba. Na je gurbin jimla na rubuta biyar, da hannuna. Har na buɗe baki za ni karanta tambaya ta biyu. Sai Lami ta fashe da dariya, har tana kifar da ƙwaryar gyaɗa.

Ta ce, "Yaya, ke fa? Ko tsintar ki anka yi bakin kasuwa?"

Na dubi takardar. Na dubi Inna. Ni ce 'yar farinta, ina zaune gabanta, gwiwata na gugar tata, kuma babu ni a jerin.

Na ce, "Inna, ni fa?"

Ta kawar da kai ta ja gyalenta. "Ke Lami, ɗauke min marar kunyar ga da takardunta."

La'ilaha illallahu! Kunyar ɗan fari. Abin da kowace mace a ƙasar nan ta sani tun kafin ta iya ɗaura zani. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta lissafa shi, sau da yawa ma ba ita ke riƙon sa ba. Shi ya sa aka kai ni wurin Gwaggo tun da aka yaye ni. Na haura arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba, "ta Sabon Birni" take ce mini. Ni kaina mai digirin, babban ɗana ina rubuta sunansa a takardar ofis, amma bakina bai taɓa furta shi ba. Na san shanu, na manta 'ya'ya. Na ɗauki tambayar da na kwaso daga littattafai na kai wa mata arba'in, baƙuwa da biro, a gaban surukansu, na ce su fara da babba. Su kuwa suka yi abin da tarbiyya ta ce, suka fara da mai bi masa.

Ban san lokacin da na fara dariya ba, dariyar ta koma hawaye. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda sai da ya sauka na san girmansa. Nan take na kira Malam Bawa. Na fara da ba shi haƙuri, na daɗe ina ba shi. Sannan na ce ya duba mini, yaran nan goma sha ɗaya, su wane ne a ɗakin iyayensu.

Ya ce, "Ba sai na duba ba. Tara ɗiyan fari na. Biyu riƙo na, ɗiyan 'yan'uwa da anka kawo musu, ba su sunka haihe su ba." Ya yi 'yar dariya. "Malama, da tambaya kinka yi ran nan maimakon tuhuma, da ba ki kai la'asar da damuwar ga ba."

Na haɗiye maganar, don na cancance ta. Sauran shidan ma da na bincika wurin hedimastocinsu, duk 'yan fari ne. Ranar kasuwa na kai wa Malam Bawa goro har ofis, na ba shi haƙuri a gaban mataimakin nan da na ci masa fuska a gabansa.

Sai na zauna na gyara takardar. Na juya tambayar, a fara daga auta a hau sama. Wannan wa yake bi? Wancan fa, wa yake bi? In an zo ƙarshe sai in ce, akwai na gabansa? Uwa ba sai ta faɗi suna ba, ta gyaɗa kai ko ta yi murmushi ta dubi ƙasa ya isa. Sunan da shekarun sai in karɓa daga kaka, ko gwaggon yaron, ko maƙwabciya. Na ƙara gurbi biyu, na ɗan da aka ba wani riƙo da na wanda ake riƙo a gidan. Na koma wurin mata goma na sake gwadawa. Da na zo kan Hajo na ce akwai na gaban wannan, sai ta rufe baki da gefen zani, surukarta ta amsa daga bakin murhu, "Akwai ta, tana aji huɗu, kuma ita ka ɗaukar na ɗaya."

Ranar kwana na goma sha huɗu na shiga ofishin Farfesa. Na jera masa tsohuwar takarda da sabuwa, na ɗora ta Inna a sama, mai jimla biyar. Na yi masa bayani tun daga farko, ban ɓoye wautata ba. Na ce masa da an bar ni na fita da takardar farko, da duk na biyu na mai da shi babba, in rubuta littafi guda a kan 'ya'yan fari alhali ko ɗaya babu a ciki.

Ya karanta, ya sake karantawa. Sai ya cire tabarau ya jingina. Ya ce, "Yayana ya ba saba'in baya. Har yau tsohuwarmu 'wancan na Gusau' take ce masa." Ya girgiza kai. "Ni ma na karanta tambayar nan sau uku na sa mata hannu. Ashe mu biyu muka yi barcin." Ya rufe jan biron, ya laluba aljihu ya ciro shuɗi ya sa hannu. Ya ce wannan labarin kada in ɓoye shi, in sa shi a babi na uku yadda ya faru. Sannan ya ce, "Zauna mana, Malama." Ran nan na fara sanin kujerar ofishinsa tana da laushi.

A gaban kwamiti, abin da na fi tsoro shi ya fi tafiya da su. Kusan rabin lokacin a kan 'yan fari aka ƙare, kowane malami na ba da labarin gidansu. Suka amince da tsarin, da 'yan gyare-gyare. Na fito na sami inuwa na zauna, ina ta hamdala.

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Kada ku raina gwaji, don shi ya cece ni. Kafin ku kai takarda ƙauyen wani, ku fara gwada ta a gidanku, a kan tsohuwar da ba ta jin tsoron ku. Ku gwama takardunku da kanku kafin wani ya gwama muku. In lissafi ya ƙi haɗuwa, ku tambayi na ƙasa da ku kafin ku tuhume shi, ya fi ku sanin garinsa. Kuma ɗan gari ya fi baƙo haɗarin makancewa, don abin da ka tashi cikinsa ba ka ganin sa. Mutanenmu ba ƙarya suke wa mai bincike ba. Akwai dai abin da ba a faɗi, kuma sau da yawa shi ne ya fi tsada a wurinsu.

Da na dawo daga kwamitin, gidanmu na fara sauka. Na durƙusa na gaya wa Inna an amince. Ba ta dube ni ba, ba ta ce madalla ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Raina ya ɗan sosu, ba za ni ɓoye muku ba. Can sai ta ɗaga murya ta ce, "Lami, ki ce ma ta Sabon Birni akwai kwano ɗaki, ta ci tun bai huce ba."

Na shiga na buɗe kwanon. Zabuwa ce guda, an soya ta da man shanu. Zabin Inna, waɗanda ko da Sallah ba ta yarda a taɓa. Lami ta biyo ni ta raɗa mini cewa tun safe tsohuwa ta sa aka yanka, ta hana kowa ɗanɗanawa, kuma sau huɗu tana aiken ta bakin hanya ta dubo ko motar Sakkwato ta iso.

Na zauna na ci, ina ci ina share ido. Har yau takardar nan mai jimla biyar tana cikin akwatina, ban gyara ta ba.